Aikin Gayya a Ƙasar Baƙunci

Karatu: Irmiya 29:1-14, Nehemiya 3:1-32, Yakubu 2:14-17

A cikin watan Yuli na shekarar 2021, ma'aikatar lafiya ta Jihar Inugu ta ba da sanarwa cewa cutar amai da gudawa, wato kwalara, ta ɓulla a kasuwar dabbobi ta New Artisan da ke birnin Inugu. Sa'ad da labarin ya kai ga hukuma, mutum 7 sun riga sun rasu, waɗansu kuma aka kwashe su zuwa asibiti. Wannan kasuwa tana ɗaya daga cikin wuraren da 'yan Arewa suka fi taruwa a birnin. A nan ake sauke awaki da tumaki da shanun da aka yi lodinsu daga Arewa, a nan kuma mutane da yawa suke wuni, su ci, su kwana. A shekarar nan cutar ta zaga jihohi fiye da 30, ta kama mutum sama da 100,000, ta kashe sama da 3,000. Amma mutuwar baƙo tana da nata zafin dabam, gama yakan yi jinya nesa da uwa, nesa da mata, sai dai labari ya isa gida ta waya.

Kwalara tana da saurin kisa, takan zuƙe ruwan jikin ƙato cikin sa'o'i kaɗan. Duk da haka hanyar shigarta sananniya ce: ruwan sha ko abincin da bayan gida ya taɓa. Abubuwan da ke tare ta su ma sanannu ne, wato masai mai murfi, ruwa mai tsabta, sabulu, da ruwan gishiri da suga. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya fi ƙarfin talaka in jama'a sun haɗa kai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da za su yarda a ransu cewa wurin da suke zaune nasu ne, kula da shi kuma wajibi ne a wuyansu a gaban Allah.

Su Wane Ne Baƙin?

Zaman 'yan Arewa a Fatakwal, Anacha da Inugu ba na jiya ba ne. An fara haƙar kwal a tsaunukan Inugu a shekarar 1915, layin dogo daga Fatakwal ya iso wurin a 1916, daga baya aka miƙa shi zuwa Arewa ta Makurɗi da Kafanchan. Anacha kuwa, tun kafin jirgin ƙasa, kogin Kwara ne ya riƙa kawo mata fatake, kafin a kammala gadarta a 1965. Ta waɗannan hanyoyi ne mahauta da masu fataucin shanu, doya, albasa da wake suka sauko, suka kafa zango. Har yau akwai Ama Hausa da Gariki a Inugu, akwai 'yan Arewa a kewayen titin Bida da bakin gada a Anacha, akwai su a Diobu cikin Fatakwal da kuma Oyigbo a gefen birnin. Wani daga cikinsu, Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato mai fataucin shanu, ya shiga harkar gari har aka zaɓe shi magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950.

A cikin waɗannan baƙi akwai masu bi da yawa waɗanda suke sujada da harshen Hausa. Akwai sojoji da 'yan sanda da iyalansu a barikoki, akwai masu gadi, direbobi, leburori, masu sayar da tsire da shayi, da ma'aikatan kamfanoni, daga Filato, Kudancin Kaduna, Gombe, Adamawa, Taraba da Borno. A gida kowa yana da sunan ƙabilarsa, amma a bakin ɗan gari dukansu Hausawa ne. Mai bi daga Pankshin da Musulmi daga Ɗanbatta suna shan ruwan rijiya ɗaya, suna tsallake kwata ɗaya, sauro ɗaya ne kuma yake cizonsu da dare.

Cutar da Ke Cikin Zuciya

Akwai wata magana da ake yawan ji a zango: ba nan ne gida ba, neman kuɗi aka zo yi. Mai faɗin haka yana da dalili. Dattawa ba su manta da 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ba. A watan Fabrairu na 2006, bayan kashe-kashe da ƙone majami'u a Maiduguri, an yi ramuwar gayya a Anacha, inda aka kashe 'yan Arewa da yawa, waɗansu suka tsere ta kan gada zuwa Asaba, waɗansu suka fake a bariki. A watan Oktoba na 2020 kuma hankali ya tashi a Oyigbo. Wanda ya taɓa gudu da rigar jikinsa kawai, da wuya a ga ya saki jiki. Ga kuma gidan haya ne, mai gida yana iya ba da notis kowane lokaci.

Amma a dubi abin da wannan tunani yake haifarwa. Mutum ya zo da niyyar wata 6, sai ga shi ya shekara 20, 'ya'yansa suna jin Ibo fiye da yadda suke jin yaren kakansu, amma har yanzu jakarsa a ɗaure take. Yana gina gidan siminti a ƙauyensu wanda ba ya kwana a ciki sai lokacin Kirsimati, alhali gidan da yake kwana wata 11 na shekara mutum 40 ne suke layi a kan masai ɗaya. Kwata ta toshe a ƙofar ɗaki, kowa ya ce aikin mai gida ne. Mai gida ya ce aikin gwamnati ne. Gwamnati kuwa ba ta san da zamansa ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. To, raɓa ba ta haƙa magudanar ruwa. Ta haka ne mutum yakan tara kuɗin komawa gida, a ƙarshe kuɗin su tafi ga motar da za ta kai gawarsa.

Wasiƙar Irmiya

Maganar Allah ta san wannan hali sarai. Wajen shekara 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya kwashe sarkin Yahuza da manyan gari da masu sana'a daga Urushalima zuwa Babila. Waɗannan ba neman kuɗi ya kai su ba, kamo su aka yi. Ga kuma annabawan ƙarya suna ta sanyaya musu zuciya. A sura 28 Hananiya ya yi shela a Haikali cewa cikin shekara 2 kowa zai koma. Wane ne zai dasa itace a ƙasar da zai bari baɗi?

Sai Ubangiji ya sa Irmiya ya rubuta musu wasiƙa daga Urushalima. Abin da ke ciki bai yi wa kunne daɗi ba: zaman zai kai shekara 70. Saboda haka aka ce su kwance kaya, su kafa muhalli, su yi shuka su ci daga gumin kansu, su ƙulla aure, su hayayyafa. Sa'an nan aka ɗora musu abin da ya fi kowanne nauyi, wato su yi aiki domin alherin birnin da ya kamo su, su kuma yi masa addu'a, domin nasu alherin a ɗaure yake da na birnin. Kalmar Ibrananci da annabin ya yi amfani da ita a aya 7 ita ce shalom, kalma mai faɗi kamar yadda lafiya take da faɗi a bakin Bahaushe. Da ita ake tambayar jiki, da ita ake tambayar gida da iyali, da ita kuma ake kiran zaman da babu faɗa. Lafiyar jiki da zaman lafiya sunansu ɗaya, Allah kuwa ya ce a nemi dukansu a Babila.

Wasiƙar ba ta hana su begen gida ba. A cikinta ne ma aka yi alkawarin komowa. Abin da ta hana shi ne a mai da bege ya zama dalilin naɗe hannu. Idan Allah ya bukaci haka daga waɗanda aka kai bauta ƙarfi da yaji, me zai bukata daga wanda ya sayi tikiti da kuɗinsa ya sauka a wani sashe na ƙasarsa ta haihuwa? Kowane mai bi baƙo ne a duniya, kamar yadda manzo Bitrus ya koyar, amma baƙuncin nan bai taɓa zama izinin barin shara a ƙofar gida ba.

Tsarki da Tsabta

Waɗansu za su ce wannan maganar duba-gari ce, ba ta bagade ba. Sai su buɗe Maimaitawar Shari'a 23:12-14. A can Ubangiji ya umarci rundunar Isra'ila su keɓe wurin bayan gida a wajen zango, kowa kuma ya riƙe abin tona ƙasa cikin kayansa domin ya binne abin da ya fito daga cikinsa. Dalilin da aka bayar shi ne Allah da kansa yana yawo a tsakiyar zangon. Waɗannan mutane matafiya ne, yau suna nan gobe sun tashi, duk da haka ba a ɗauke musu dokar ba. Allahn da ya ba da dokoki goma bai ga maganar masai ta yi masa ƙanƙanta ba.

Waɗansu kuma za su ce Allah ne mai tsaro, wanda kwanansa bai ƙare ba ko ruwan kwata ya sha ba zai mutu ba. Gaskiya ne rai a hannun Allah yake. Amma sa'ad da Iblis ya kai Ubangiji Yesu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya diro tun da mala'iku za su tare shi, Ubangiji ya ƙi, ya kira wannan gwada Allah (Matiyu 4:5-7). Wanda ya bar tulun ruwa a buɗe kusa da masai, ya naɗe gidan sauro ya ajiye a ƙarƙashin gado, sa'an nan ya tafi addu'ar dare yana tsauta wa ruhun ciwo, bai nuna bangaskiya ba; daga ƙololuwar Haikali yake dirowa. Manzo Bulus ya kira jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki (1 Korantiyawa 6:19). Jama'ar da ke share majami'a kowace Asabar ya kamata su tambayi kansu wa yake share wa wannan haikalin hanya.

Abin da Hannuwa Suka Taɓa Yi

Ba a rasa misali ba a ƙasar nan. A shekarun 1970, ikilisiyar 'Yan'uwa da ke Lardin Gabas ta kafa shirin kiwon lafiyar karkara a Garkiɗa. Ma'aikatan asibitin sun lura cewa cututtukan da suke warkarwa su ne dai suke sake dawo da mutane, domin tushensu yana ƙauye. Sai aka juya tsarin: ƙauye ya kafa kwamiti, ya zaɓi mutanensa da kansa, a horar da su na 'yan watanni, su koma su koyar da 'yan'uwansu ta hanyar labarai, wasan kwaikwayo da waƙoƙi. Manomi da matar aure suka zama malaman lafiya. A shekarar 1978, taron duniya da aka yi a Alma-Ata ya amince cewa kiwon lafiya daga tushe, tare da sa hannun jama'a, shi ne hanya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti kuma ya ɗora manufar ƙasa a kan haka lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992.

Misali na biyu ya ƙare ne a Jihar Inugu kanta. Binciken da aka fara a 1988 ya gano mutum fiye da 650,000 masu fama da kurkunu a Nijeriya. Cutar nan ba ta da ƙwaya, ba ta da allurar rigakafi. An ci ta ne da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyin burtsatse, da maganin da ake zuba wa tafki, da kuma 'yan sa kai na kowane ƙauye waɗanda suka riƙa bi gida gida suna hana mai kurkunu shiga ruwan da jama'a ke sha. Cibiyar Carter ta Amurka ta taimaka, Janar Yakubu Gowon kuma ya yi shekaru yana zaga ƙauyuka yana ƙarfafa aikin. Mutum na ƙarshe da aka samu da cutar a ƙasar nan an same shi ne a ƙauyen Ezza Nkwubor kusa da Inugu a watan Nuwamba na 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kawar da ita a 2013.

Misali na uku gargaɗi ne. Sa'ad da Ebola ta shiga Fatakwal a watan Agusta na 2014, bokitin wanke hannu ya bayyana a ƙofar majami'u, masallatai, makarantu da bankuna. Ranar 20 ga Oktoba aka sanar cewa ƙasar ta kuɓuta, ba da daɗewa ba bokitan suka ɓace, ba a sake ganinsu ba sai da korona ta zo a 2020. Abin da tsoro ya kafa, yakan rushe da zarar tsoro ya wuce. Abin da ƙauna ta kafa shi ne yake daɗewa.

Kowa Daura da Gidansa

Sura 3 ta littafin Nehemiya jerin sunaye ce da masu karatu sukan tsallake, alhali a cikinta ne asirin aikin yake. An raba garun Urushalima kashi kashi. Firistoci sun yi, maƙeran zinariya sun yi, masu haɗa turare sun yi, wani shugaba ya fito tare da 'ya'yansa mata, da yawa kuma sun gyara sashen da ke daura da gidajensu. An kuma rubuta cewa manyan Tekowa sun ƙi sa wuyansu ga aikin. Cikin kwana 52 aka gama. Wannan shi ne aikin gayya, wanda kowane ɗan Arewa ya taso ya gani a gonar ƙauyensu. Abin da ya rage shi ne a ɗauko shi daga gona a kawo shi layin zango. Ga ayyuka biyar da kowace ikilisiya za ta iya farawa ba tare da jiran baƙo daga ƙasar waje ba.

Na fari, ruwa da masai. Matasa su zaga gidajen 'yan ikilisiya su ƙirga mutum nawa ne a kan kowane masai, daga ina kuma ake ɗebo ruwan sha. Inda ya kasa, a yi karo-karo ko adashi a gyara, dattawa kuma su je wa mai gida da magana a ƙungiyance, gama muryar mutum 10 ta fi ta mutum ɗaya nauyi. A tafasa ruwan sha ko a sa masa kulorin, a ajiye shi a mazubi mai murfi. A rataye galan mai ƙaramar huda da sabulu a ƙofar masai. Zumuntar mata kuma su haɗa ruwan gishiri da suga a gaban kowa har kowace mace ta iya da hannunta: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, da ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A fara ba mai gudawa nan take, a ci gaba da ba shi a kan hanyar zuwa asibiti, kada a jira gari ya waye.

Na biyu, kwata da sauro. Ruwan saman da ake yi a Fatakwal ya ninka na Kano fiye da sau biyu, saboda haka zazzaɓin cizon sauro a Kudu ba shi da rani ba shi da damina. Sauro yana yin ƙwai a ruwan da ya kwanta, cikin mako ɗaya zuwa biyu sun zama masu cizo. Ashe sharar ƙarshen wata kaɗai ba ta isa ba. Sai kowane layi ya sa ranarsa a mako, a yashe kwata, a cike ramuka, a kife tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Raba gidan sauro abu ne mai sauƙi, ɗaura shi ne aikin. Matasa su ɗauki ƙusa da igiya su bi ɗaki ɗaki, su fara da na mata masu ciki, da ƙananan yara, da masu gadin da ke kwana a waje.

Na uku, awon jini. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana iya ɗauke da shi shekaru ba tare da ciwon kai ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye, a fara zargin maƙiya. Na'urar awo mai batir ba ta kai kuɗin lasifika ɗaya ba. Kowace ikilisiya ta mallaki guda, nas ko wani ma'aikacin lafiya da ke cikin jama'a ya koya wa mutum 2 ko 3 yadda ake amfani da ita, a riƙa awo bayan sujada sau ɗaya a wata, a rubuta a littafi. Wanda awonsa ya kai 140/90 ko fiye a ranaku biyu dabam dabam, a raka shi asibiti. Majami'a ba za ta rubuta wa kowa magani ba. Fasto da dattawa su fara miƙa hannu, domin jama'a su ga babu kunya a ciki.

Na huɗu, lambu da tukunya. A Babila ne Daniyel da abokansa uku suka ƙi abincin fada domin kada su ƙazantu, suka roƙi ganyaye da ruwa, bayan kwana 10 aka ga sun fi sauran kyan gani. Baƙo a Kudu yakan rayu a kan burodi, taliyar leda da lemon kwalba, domin babu mai dafa masa. Amma ƙasar Kudu ba ta ƙin shuka. Buhun siminti da aka cika da ƙasa da taki yana ba da alayyafo, yakuwa, kuɓewa da ganyen ugu a bayan ɗaki, zogale kuma yana kamawa a shingen majami'a. Mata su yi girki tare sau ɗaya a wata, a gwada miyar da aka rage wa dunƙule da gishiri aka ƙara daddawa, gama gishirin da jiki yake bukata a yini bai kai giram 5 ba, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Gwagware kuma su haɗa tukunya, mutum 4 ko 5, maimakon kowa ya ci a bakin titi. Direba da mai shago da ke wuni a zaune su nemi tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana 5 a mako.

Na biyar, uwa da jariri. A ƙauye, mace mai ciki tana da uwa da suruka da ungozoma kewaye da ita. A zango ba ta da kowa, sau da yawa kuma ba ta jin Ibo ko Turanci, sai ta ji tsoron asibiti. Kowace mai ciki a haɗa ta da wata babbar mace daga zumunta wadda za ta raka ta awo, ta yi mata tafinta, ta riƙa duba katin rigakafin jariri, ta kuma ƙarfafa ta ta ba da nono zalla har wata 6. Wannan shi ne irin hidimar da manzo Bulus ya danƙa wa dattawan mata a wasiƙarsa ga Titus.

Maƙwabci

Babu ɗaya cikin ayyukan nan da zai yi nasara in an tsaya a bangon majami'a. Kwatar da aka yashe a ƙofar mai bi za ta sake cika in ta maƙwabcinsa a toshe take. Saboda haka kafin a ɗauki shebur, dattawan ikilisiya su je su gai da Sarkin Hausawa, da limamin unguwa, da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, da masu unguwa na 'yan gari, a sa ranar da ba ta ci karo da Juma'a ko Lahadi ba. Shugabanni sun riga sun buɗe hanya: a shekarar 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da Akbishop John Onaiyekan suka jagoranci ƙungiyar haɗin gwiwa ta NIFAA, wadda ta horar da limamai da fastoci su koya wa jama'arsu yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Abin da manya suka yi a Abuja, ƙanana za su iya yi a Diobu.

Sai dai a yi shi da zuciya ɗaya. Awon jini ba tarko ba ne, gidan sauro kuma ba cin hanci ba ne. Kutare 10 Ubangiji ya warkar, ɗaya ne ya komo, bai kuwa janye warkarwa daga sauran 9 ba. Wanda ya tambayi dalilin wannan ƙauna, a amsa masa da tawali'u. Akwai kuma wata riba: mutanen da suka saba riƙe shebur ɗaya kowace Asabar, da wuya jita-jita ta sa su ɗauki adda a kan juna. Ɗan garin da ya ga baƙi suna yashe kwatar layinsa zai yi tunani sau biyu kafin ya ce ƙazanta suka kawo.

Abin da Ya Fi Ƙarfin Tsintsiya

Gaskiya ta bukaci a faɗa cewa akwai abin da gayya ba za ta iya ba. A 2016 alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun sa Anacha a kan gaba cikin biranen duniya wajen ƙura da hayaƙi a iska, kusan ninki 30 na abin da hukumar ta ce jiki zai iya ɗauka. Daga ƙarshen wannan shekara kuma baƙin toka ya yi shekaru yana sauka a kan Fatakwal, galibi daga tace ɗanyen mai ta haramtacciyar hanya da ƙona wanda aka kama. Ambaliyar 2012 da ta 2022 ta cinye unguwannin bakin kogi a Anambra da Ribas. Ruwan famfo, kwashe juji da tsabtar iska hakkin hukuma ne. Amma ko a nan akwai rabon talaka: mahauci ya daina babbaka da taya, mai shago ya daina ƙona leda a ƙofa, kada kuma kowa ya kunna janareto a cikin ɗaki ko a baranda mai rufi, gama hayaƙinsa yana kashe iyali cikin barci. Jama'ar da ta yi nata kuwa, ita ce take da bakin zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma ta nemi nata hakki.

Kammalawa

Manzo Yakubu ya yi tambaya a kan mai bin da ya ga ɗan'uwa cikin yunwa da tsiraici, ya sallame shi da fatan alheri kawai, ya ce irin wannan bangaskiya matacciya ce. A Kafarnahum kuwa, mutum 4 suka ɗauko shanyayye a kan tabarmarsa, da suka rasa hanya suka buɗe rufin ɗaki suka zurara shi gaban Yesu. Markus ya rubuta cewa Ubangiji ya ga bangaskiyarsu. Ya gan ta ne a kafaɗunsu da ƙurar da ke hannuwansu. Ba a faɗi sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, da ɗaya kuma ya saki nasa gefen, da majinyacin bai isa ba.

Tambayar da ke gaban kowace ikilisiya ta masu jin Hausa a Fatakwal, Anacha da Inugu ita ce: wane gefen tabarma ne nata? Kwamitin dattawa na gaba kada ya tashi sai ya zaɓi aiki ɗaya cikin biyar ɗin nan, ya sa rana, ya rubuta sunayen waɗanda za su riƙe shi, ya kuma naɗa waɗanda za su kai gaisuwa wurin maƙwabta. Mutum 7 na New Artisan ba za su dawo ba, amma damina tana dawowa kowace shekara.

Ubangiji Allah, wanda ya kiyaye jama'arsa a Babila, ya kiyaye bayinsa a ƙasar baƙunci, ya ba su zuciyar da za ta ƙaunaci wurin da ya ajiye su, ya ƙarfafa hannuwansu ga aiki, ya ba biranen nan uku lafiya da zaman lafiya, ta wurin Yesu Almasihu. Amin.